Hatsi ɗaya, tukunya biyu: yadda harshe ke rarrabe kunu da giya a Wagadugu

Shirin wannan mako ya yada zango ne a Zangon Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, kuma maganar abin sha muka ɗauko. Abin da ya jawo ta wata tambaya ce da ke yawan zuwa mana daga masu sana'ar kunu da zobo, musamman in zafi ya kankama ko azumi ya gabato: kunun da aka dama da safe, in ya kai la'asar ya fara kumfa, kunu ne har yanzu ko ya zama wani abu dabam? Wasu kuma matasa ne da ke ganin Turawa a waya suna jera kofunan giya, su shinshina, su kurɓa, su ba da maki, shi ne suke tambaya me ake nema a ciki.

To, tambayoyin nan biyu amsarsu guda ce. Dukkansu maganar hatsi ce da ruwa da lokaci, da kuma yadda harshe da hanci ke gane abin da ya faru a cikin tukunya. Ba sai mutum yana shan giya zai amfana da wannan ilimi ba. Wanda ma ba ya sha ya fi bukatarsa, don shi ne ke son sanin inda iyakar take.

Zango da maƙwabtansa

Hausawa sun daɗe a ƙasar Mosawa. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato ta nan suke ratsawa zuwa Gwanja sayen goro, wasu suka zauna, suka yi aure, suka kafa unguwa. Mosawa suna kiran unguwar Zangoetin, wato mazaunin Hausawa a harshen Moore. A tsakiyar gari take, har zuwa 2003 da aikin sabunta tsakiyar birni da ake kira ZACA ya tashi mazaunanta tare da na unguwannin da ke kewaye, da yawa suka koma wajajen Waga 2000. Gidaje sun rushe, amma sana'o'in mata ba su rushe ba: fura, kunu, zobo da lemun citta sun bi masu su zuwa sabon mazauni.

Baƙon da ya shiga gidan Bamoshe, abin da ake fara tarbarsa da shi shi ne zoom-koom. Ma'anar sunan ruwan gari, domin garin gero ne ake damawa da ruwa, a sa citta da tsamiya da sukari. Zobonmu a can bisap ake ce masa, kunun aya kuma orshata. Akwai na kuka, akwai dege wanda ɗan'uwan fura da nono ne.

A wani gefen kuma akwai dolo, giyar jar dawa, wadda a Moore ake kira raam. Mata ne ke dafa ta, su ke sayarwa a gidajen da ake kira kabare, a ƙwarya ake sha. Ita ce danginsu burkutu a Najeriya, fito a Gana, cukutu a Benin da Togo, bilbil a arewacin Kamaru. Ga ta kwalba kuma, wadda kamfanin Brakina ke yi a Kosodo da ke Wagadugu da kuma Bobo-Julaso. A Kano, tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000, hukumar Hisbah kan kama giya ta farfasa kwalabe. A Wagadugu kuwa a fili ake sayarwa, kuma mai dolo da mai kunu a kasuwa ɗaya suke awon hatsi. Shi ya sa tambayar ta fi damun mutanen can.

Abin da ke faruwa cikin tukunya

Ƙwayar hatsi, gero ce ko dawa ko sha'ir, cike take da sitaci. Sitaci ba shi da zaƙi, ku tauna ɗanyen gero ku ji. Amma in aka jiƙa hatsi aka bar shi ya fara tsiro, sai ƙwayar ta fitar da wasu sinadarai masu yanka sitaci su mai da shi sukari, don ɗan tsiron ya samu abinci. Wannan shi ne sirrin hatsin tsiro. Iyayenmu mata da ke zuba garin tsiro a kunun zaƙi, su ga kullun ya tsinke ya yi zaƙi ba tare da sukari ba, wannan aikin suke yi, ko da ba su kira shi da sunan kimiyya ba.

Da zarar an samu ruwa mai zaƙi, baƙi uku ne ke jiran shiga, kuma ido ba ya ganin ko ɗaya. Na farko bakteriya masu kawo tsami, irin waɗanda ke mai da madara nono, su sa kullun koko ya yi tsami. Na biyu yis, wanda ke cin sukari ya fitar da abu biyu: iska mai kumfa da barasa, wato sinadarin da ke sa maye. Shi ne dai ke tayar da kullun burodi da fanke, sai dai a can wuta na korar mafi yawan barasar. Na uku wasu bakteriya ne da ke zuwa daga baya, in akwai iska, su mai da barasa ruwan khal mai kaifin tsami.

Ba wanda ya san waɗannan halittu ne ke aikin sai a ƙarni na 19, lokacin da Louis Pasteur na Faransa ya tabbatar da haka, har ya fitar da littafi kan giya a 1876. A 1883 wani masani a kamfanin Carlsberg na Denmak, Emil Christian Hansen, ya ware irin yis guda tsantsa. Tun daga nan giyar kamfani ta zama ɗanɗanonta ɗaya jiya da yau, ta gargajiya kuwa kowace tukunya da halinta.

Kun ga ke nan bambancin kunu da giya ba a hatsi yake ba. A wane baƙo aka bari ya shiga yake, da tsawon lokacin da aka ba shi.

Yadda ake dafa dolo

Mai dolo takan jiƙa jar dawa, ta baza ta a rufe har ta tsira, ta shanya, a niƙa. Wannan kaɗai yakan ci kwanaki. Sai ta kwaɓa garin da ruwa, ta zuba ruwan yauƙi na karan kuɓewa ko ɓawon wani itace dangin dargaza, don gari ya kwanta. Ta tsiyaye ruwan sama ta ajiye, ta dafa na ƙasa mai kauri, sannan ta mayar da ruwan da ta ajiye.

Me ya sa take raba su? Nan hikimar take. Sitacin dawa ba ya narkewa sai da zafi sosai, amma wannan zafin yana kashe sinadaran da ke yanka shi. To, sinadaran suna cikin ruwan sama. Sai ta ɓoye su daga wuta, ta dafa sitacin shi kaɗai, in ya ɗan huce ta haɗa su. Masana a cibiyar bincike ta IRSAT da ke Wagadugu sun yi nazarin wannan hanya, kamar yadda suka yi na zoom-koom.

Haɗin yakan kwana ya yi tsami, a tace, a tafasa na sa'o'i, a bar shi ya huce. A wannan mataki ruwa ne mai zaƙi da tsami-tsami, ba a sa masa yis ba tukuna. Mosawa suna kiransa ran-noodo, wato mai zaƙi. Sai an zuba yis, wanda ake kwasa daga gindin tukunyar da ta gabata, ya kwana yana tashi, sannan ya zama dolo. Busasshen yis ɗin shi ne rabile, ana sayar da shi a kasuwa, wasu na sa shi a miya. Dusar kuma masu kiwo ke saye.

Ƙarfin dolo yawanci kashi 2 zuwa 4 ne cikin 100, ta kwalba wajen kashi 5, Guinness ɗin Najeriya kuwa 7.5. Dolo ba ta jure ajiya, domin ba a kashe ƙwayoyin da ke cikinta ba. Ta safe da zaƙi, ta yamma ta fi ƙarfi, ta gobe ta yi tsami. Shi ya sa a kabare ake ba mai saye ɗan kurɓi ya ɗanɗana kafin ya biya. Ka ji fa, ɗanɗano kafin ciniki ba Turawa suka kawo shi ba.

Me masu ɗanɗanon Turai ke nema?

A Turai da Amurka, ɗanɗana giya iri-iri da rubuta ra'ayi a kai ya zama abin sha'awa kamar kiwon tantabaru ko tara kan sarki. Abin ya ƙarfafa ne a shekarun 1970. A 1971 wasu 'yan Ingila suka kafa ƙungiyar CAMRA don kare giyar gargajiya daga mamayar manyan kamfanoni. A 1977 wani ɗan jarida Bature mai suna Michael Jackson, ba mawaƙin nan na Amurka ba, ya fitar da littafin da ya kasa giyar duniya gida-gida. A wannan zamanin ne kuma wani masani ɗan Denmak, Morten Meilgaard, ya tsara da'irar kalmomin ɗanɗano, don in mutum biyu sun ce abu ya yi ƙauri, ya zama abu ɗaya suke nufi. Yau har manhajar waya gare su, irin su Untappd, inda kowa ke rubuta abin da ya sha ya ba shi maki.

Abu huɗu suke dubawa: launi, ƙamshi, ɗanɗano, da yadda abin ke zama a baki. Giyarsu daga sha'ir ake yi, ɗacinta kuma daga furen wani tsiro mai yaɗo ne da ake kira hop. Tun 1516 aka yi doka a Bavariya ta Jamus cewa ruwa da sha'ir da hop kaɗai za a sa. Dolo ba ta da hop, shi ya sa tsami da bauri suka fi yawa a cikinta, ba ɗaci ba. Baurin daga jan ɓawon dawar yake.

Ga wani abu da ya shafi manomanmu kai tsaye. A 1988 Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, dole kamfanoni suka koma ga dawa da masara. Tun daga lokacin, wani kaso na dawar da ake nomawa a Arewa kamfanonin abin sha take tafiya. Daga irin wannan ruwan tsiro ake yin lemun malt kamar Maltina, wanda ya fito a 1976. Bambancinsa da giya shi ne ba a ba yis dama ya yi aiki ba. In kun lura, ran-noodo ne na kamfani.

Sai dai mu faɗi gaskiya: ba da maki ba ya rage illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, kuma a farkon 2023 ta bayyana cewa babu wani adadi da za a ce shan sa ba shi da haɗari. Abin da muke ɗauka daga masu wannan sha'awa shi ne tsarin lura, ba abin da ke cikin kofin ba.

Hausa ba ta rasa kalmomi ba

Masana sun ce harshe ɗanɗano biyar yake ganewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da na biyar da wani Bajapane, Kikunae Ikeda, ya bayyana a 1908 ya kira umami. Mu mun san shi, shi ne daɗin da daddawa ke ba miya, wadda a Burkina ake kira sumbala. Duk sauran abin da muke kira ɗanɗano, mafi yawansa aikin hanci ne. Ku toshe hanci ku kurɓi zobo, tsami da zaƙi kawai za ku ji, ƙamshin kanumfari da citta sai kun saki hanci. Shi ya sa mai mura ke cewa komai ya yi masa salam.

In Turawa sai da suka zauna suka tsara da'irar kalmomi, Bahaushe ya gaji tasa. Bauri dabam, ɗaci dabam: bauri shi ne na ɗanyen goro ko ɗanyar kanya, wanda ke ɗaure baki, ɗaci kuwa na maɗaci ne. Garɗi shi ne na gyaɗa da aya da madara. Gafi na ɗanyen wake ne, ko garin da bai dahu ba. Zartsi na ruwan rijiya mai kanwa-kanwa. Lami abin da ba shi da gishiri ba shi da zaƙi. Maƙaƙi a maƙogwaro ake jin sa bayan an haɗiye. A wajen hanci akwai ƙauri na abin da ya kama a gindin tukunya, ƙarni na nono ko kifi, da bashi na abin da ya kwana ya fara lalacewa. A wajen jiki kuma a ce abu ya yi kauri, ya tsinke, ya yi yauƙi, ko yana da tsaki-tsaki.

Amfanin waɗannan kalmomi shi ne kowace tana nuna inda matsala ta fito. In mai saye ya ce "kunun nan ba daɗi", bai taimaki mai kunu da komai ba. In ya ce "yana gafi", ta san ruwan zafin bai isa ba. In ya ce "yana ƙauri", wuta ce ta yi yawa. In zobo ya yi bauri, an daɗe ana tafasa shi. In zoom-koom na tsaki-tsaki, rariya ce ko niƙa.

Zaman ɗanɗano a gida

Ga yadda za ku gwada a gida ko a majalisa, ba wani kuɗi mai yawa. Ku sayo abin sha iri ɗaya daga hannu uku ko huɗu, misali zoom-koom ko kunun aya. Kada ya wuce biyar, harshe na gajiya. Mutum ɗaya ya zuba a kofuna iri ɗaya, ya sa lamba a gindi, shi kaɗai ya san na wane ne. In ba haka ba, kowa na gwaggonsa zai zaɓa.

Kada a sa ƙanƙara da yawa. Sanyi na danne ƙamshi, yana ɓoye aibi, shi ya sa abin da ya fara lalacewa ke wucewa in yana da sanyi ƙarara. A fara da mai sauƙi, a ƙare da mai yaji, don in citta ta riga ta kama harshe sauran duk lami za su zama. A kurkure baki da ruwa tsakanin kofi da kofi. Mai cin goro ko shan taba ya dakata tukuna.

Kowane kofi a bi shi da mataki huɗu. A duba: launi, kauri, ko ya kwanta, ko akwai ƙananan kumfa na tasowa daga ƙasa. A shinshina kafin a kurɓa. A kurɓi kaɗan a juya shi a baki. A haɗiye a jira, a ji abin da ya rage a maƙogwaro. Kowa ya rubuta nasa kafin a yi magana, domin in babba ya riga ya ce na biyu ya fi, yara ba za su musa ba.

Ga masu sana'a kuma akwai gwajin da kamfanoni ke yi, mai kofi uku. A ce sukari ya yi tsada, Hajiya tana son ta rage, amma tana tsoron masu saye su gudu. Sai ta zuba kofi biyu na tsohon haɗi, ɗaya na sabo, ta ce a nuna wanda ya bambanta. Mai cinke zai dace sau ɗaya cikin uku. To, in ta gwada mutum 12, huɗu ko biyar kawai suka gane, alama ce ragin bai fito ba sosai. In tara ko goma suka gane, ragin ya yi yawa, sai ta mayar da wani abu. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wannan gwaji ya fi a yi asarar masu saye kafin a gane.

Yaushe kunu ke juyawa?

Mu dawo kan tambayar farko. Tsami kaɗai ba shi ne barasa ba. Nono na da tsami, koko na da tsami, kuma aikin bakteriyan farko ne. Alamomin yis su ne waɗannan: kumfa ƙanana masu tasowa da kansu ba tare da an girgiza ba, gorar roba ta kumbura ta yi tauri, in an buɗe ta yi tsaki, wari irin na kullun fanke da ya tashi, zaƙi ya ragu alhali ba a ƙara ruwa ba, sai kuma ɗan cizo a kan harshe. Wasu bakteriyan ma na fitar da iska, don haka kumfa ba ma'auni ba ce, adadin barasa sai an auna a ɗakin gwaji. Amma in alamomin nan suka taru, abin ya kama hanya.

Abu uku ke gaggauta shi. Na farko zafi: a watan Afrilu Wagadugu da Yamai da Sakkwato sukan haura digiri 40, abin da zai kwana lafiya da hunturu ba zai kai magariba ba. Na biyu sukari: in an zuba shi tun safe, an ba yis abinci ke nan. Na uku mazubi: ƙwarya da tulu da tsohuwar jarka suna riƙe ragowar jiya a ƙofofinsu, sai su zama irin yis ga na yau. Kunun aya ya fi kowa saurin juyawa, zobo ya fi jurewa saboda tsaminsa da tafasar da aka yi masa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da lura da wannan. A babin jiƙon dabino da zabibi, tashin kumfa da tsanantar jiƙon suna cikin alamomin da suke ambata. A Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an kawo hani kan yin jiƙo a cikin duma, kuma masu sharhi sun ce dalili shi ne saurin juyawar abin da ke ciki. Hukunci dai na malamai ne, a tambaye su. Namu shi ne mu nuna cewa abin da suka lura da shi da ido, shi ne kimiyya ta zo ta bayyana.

Maganin a aikace: a dama daidai abin da zai ƙare. A raba kullu biyu, na safe da na yamma. A jinkirta zuba sukari. A wanke mazubi da sabulu da tafasasshen ruwa, a kife shi a rana. Wanda ke da firiji ya sani sanyi na rage gudun ƙwayoyin ne, ba ya kashe su, in wuta ta ɗauke sun ci gaba daga inda suka tsaya.

Masu sayen na kwalba kuma su karanta takarda. A Faransa doka ta yarda a rubuta cewa giya ba ta da barasa ko da tana da har kashi 1.2 cikin 100, a wasu ƙasashe iyakar 0.5 ce. Don haka lambar za a duba, ba babban rubutun gaba ba.

Inda harshe ya gaza

Kada wani ya ji wannan shiri ya ɗauka harshe likita ne. Ƙwayoyin taifot da kwalara ba su da ɗanɗano ba su da wari. Zobon da aka tafasa da kyau, in aka sirka shi da ruwan da ba a tabbatar ba, ko aka jefa ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, ko aka ɗura a gorar da aka tsinto ba a wanke ba, daɗinsa na nan amma ciwo na ciki.

Mutanen Kano ba su manta da 2021 ba. A watannin Maris da Afrilu, gab da azumi da cikinsa, ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti bayan shan lemun da aka haɗa da garin ɗanɗano da wani sinadari da aka sayar a matsayin ɗan tsami, hukumomin lafiya na jihar suka ce mutum 10 sun rasu. Waɗanda suka sha tsami da zaƙi suka ji, kamar kullum. Haka a 2015, a jihohin Ondo da Ribas, mutane da dama suka mutu bayan shan ogogoro mai gubar metanol, wadda harshe ba ya bambanta ta da barasa, kuma tana makantarwa. A Burkina ma gwamnati ta hana barasar ƙananan ledoji a 2019, saboda ɓarnar da take yi wa matasa.

Darasin shi ne, harshe na gaya maka ko abu ya juya, amma ba ya gaya maka abin da aka zuba a ciki. Wannan sai amana. Mai sana'a ta tsaya ga tsamiya da lemun tsami da ta sani, ta guji garin da aka ƙulla a leda ba suna ba kwanan wata, komai arharsa. Mai saye ya san hannun da yake saye, ya tambayi ruwan da aka yi amfani da shi. Ba rashin kunya ba ne, rigakafi ya fi magani.

Jama'a, nan za mu dasa aya. Muna jiran saƙonninku daga Wagadugu da Bobo, daga Maraɗi da Ƙonni, daga Kumasi da Kano: wace kalma ake amfani da ita a garinku in kunu ya fara juyawa, kuma wace dabara iyaye mata ke yi don ya kai magariba lafiya? Waɗanda suka gwada kofi uku su faɗa mana mutum nawa suka gane.